Ba a Naɗe Miyok ɗin Mai Jego

Mu a garinmu gonaki a ƙarƙashin ruwa suke. Duk shekara idan sanyi ya fara shigowa, matan nutso mukan taru a ofishin ƙungiyar masunta mu jefa ƙuri'ar duwatsu. Kowane dutse da sunansa, wanda ka ciro shi ne naka har shekara ta zagayo. Kai za ka kankare shi cikin sanyi, kai za ka yanki miyok ɗin da ya tsiro a kansa idan bazara ta zo. Wanda bai san miyok ba, ganyen teku ne, dogo, mai santsi, kuma ba macen da ke haihuwa a ƙasar Koriya da ba ta shan miyarsa har ta gama jego.

Bara na zura hannu cikin kwanon ƙuri'a na ciro Dutsen Ɗumi. Matan suka kwashe da dariya.

"Maman Dahye, bana kin huta da sayen gawayi," in ji wata. "Wanka da ruwan zafi kyauta."

Na ce ta yi mini shiru, ita da bara waccan ta ciro dutsen da ko kaguwa ba ta kwana a kai. Amma raina ya ɓaci. Dutsen Ɗumi shi ne mafi kusa da inda tashar nukiliya take mayar da ruwan da ta sanyaya injinanta da shi. Ruwan wurin da ɗumi-ɗumi, miyok ɗinsa gajere, ba mai son sa. Ga shi a shekarar ce 'yata Dahye, wadda ke aure a birni, take ɗauke da cikin fari.

Na yi aikina dai. Na kankare dutsen nan har kafaɗuna suka daina jin magana. Da bazara ta zo na yanka, na shimfiɗa a rana, na jera ganye bisa ganye har suka bushe suka zama dogayen faranti kamar katakon ƙofa. Dillali ya zo ya kwashe na kowa, nawa ma ya kwashe, in ban da guntayen miyar gida da guda ɗaya da na zaɓa tun yana ɗanye. Na rataye shi a ɗakin baya inda iska ke shiga. Na mai jego ba a naɗe shi, ba a karya shi, haka muka taras. Uwata ta rataye mini nawa haka, ita ma haka tata uwar ta yi mata.

Sai ga wayar Dahye.

"Umma, mijina ne yake ta ƙorafi. Wai ya ji dutsenki na bana na bakin tashar ne."

"To sai aka yi yaya? Shi ubansa a gindin me ya girma?"

"Haba Umma. Ni dai na nuna masa rahoton tashar. An rubuta ɓaro-ɓaro, miyok na Dutsen Ɗumi an gwada, ba komai. Har na bana yana ciki. Sai ya bar maganar."

Na ce madalla, ta gaishe shi, ta ce masa ya rage tsoro kafin ɗan ya gado. Muka yi dariya na ajiye waya.

Ban kai ƙofa ba na tsaya cak. Har na bana yana ciki? Ni ce a kan dutsen nan tun farkon sanyi. Na san kowane lungu nasa kamar yadda na san haƙoran bakina. Da wani ya sa lauje ya yanki ko tafin hannu ɗaya, da na ga wurin. Ba wanda ya taɓa shi sai ni, ni kuwa ban ba kowa ba.

Kowa a garin ya san wadda take ba mutanen tashar miyok na gwaji. Yaya Pilnyo ce, babbarmu a nutso, wadda ta koya mini riƙe numfashi ina 'yar yarinya. Washegari da muka fito daga ruwa muna jin ɗumin wuta a rumfar sauya kaya, na matsa kusa da ita.

"Yaya, yaushe kika yanka a dutsena ban gani ba?"

Ta ajiye kofin da ke hannunta ta dube ni kamar na mare ta.

"Ni? In sa lauje a dutsenki? Ke, Maman Dahye, ɓarauniya kika mayar da ni da tsufana?"

"Ba haka nake nufi ba, Yaya. Na mutanen tashar nake tambaya. Wanda kike ba su."

"Daga dutsena mana. Daga ina kike so in ba su?"

Dutsenta na bana yana can bayan tsibiri, inda ko hasken tashar ba a hangowa. Na tambaye ta a hankali, ta ba ni labari tana mamakin abin da ya dame ni. Shekarar da mutanen tashar suka fara zuwa neman wadda za ta riƙa yanko musu, ita ce ta ciro Dutsen Ɗumi, shi ya sa aka ɗauke ta. Shekara ta zagayo, ƙuri'a ta kai ta wani dutse, ta ci gaba da ba su daga inda yake nata. Mutuminsu yakan zo da akwatin ƙanƙara, sunan dutsen riga an manna a jikin leda tun daga ofis. Yana zaune a mota a bakin gaɓa, ta miƙa masa, ya yi godiya ya tafi. Tun ina goyon Dahye ake haka.

"Kuma mai kyau nake zaɓar musu," ta ce, har da ɗan alfahari. "In wanke shi tas. Manyan mutane ne, da karatunsu, ka ba su abu mai yashi?"

Da me zan zarge ta? Da ƙin sata? Duk matan da ke rumfar da su aka ɗauka, abin da za su yi ke nan, har da ni. Amma su fa? Mutanen da ke da na'urar da aka ce tana jin ƙwayar guba ɗaya a cikin tafki, a ce tsawon shekarun nan ba wanda ya sauko daga mota ya tambayi tsohuwa inda ta yanko? Da na tuna yadda muke tsayawa gaban allon sanarwa kowace shekara muna gyaɗa kai, mu ce ai an gwada, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Na wuce wurin Bang, shugaban ƙungiyar masunta. Abokin marigayi mijina ne, tare suka yi ƙuruciya, shi ya sa yake ce mini matar Yaya. Ina fara magana ya tashi ya rufe taga.

"Matar Yaya, rufa mana asiri. Kin san me zai faru idan wannan ta fita? Dillalai jira suke. Su ji kalmar tasha kusa da kalmar miyok, shi ke nan, mun tashi aiki, har na bayan tsibiri ba mai saye."

"Ni ban ce a buga a jarida ba. Sa hannu kawai nake so ka yi, in kai nawa ofishin sa ido na gunduma su gwada. Sun ce sai da hatimin ƙungiya."

"Hatimin ƙungiya a kan me? A kan cewa ƙungiya tana shakkar kayanta?" Ya sassauta murya. "Shekara nawa muna cin na dutsen nan? Wa ya mutu?"

"Wa ya duba?"

Ya ce in je in huta, fushina ne yake damuna tun ina amarya. Na ce shi kuma tsoronsa ne, tun ranar da ya bar mijina a jirgi ya gudu saboda hadari. Ban ji daɗin faɗin wannan ba, amma ban janye ba.

Sai na karyo ɗan guntu daga cikin na ci na gida, wanda shi ma daga Dutsen Ɗumi yake, na sa a leda na hau bas zuwa tashar. Ba a shiga ciki, amma akwai ofishin hulɗa da jama'a a bakin ƙofa, mai kujeru masu laushi da hotunan kifi a bango. Can aka haɗa ni da Manaja Om, wanda sashen kula da muhalli ke hannunsa. Mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya sunkuya ya gaishe ni, ya kawo shayi da hannu biyu, Mama kaza, Mama kaza. Ya saurare ni har na gama. Na ga lokacin da maganar ta shige shi, don murmushin ya ɗan tsaya, sannan ya dawo.

"Mama, bari in kwantar miki da hankali. Ruwan da muke saki ana auna shi dare da rana. Iska ana aunawa, yashi, kifi, har madarar shanu. Ina mai tabbatar miki miyok ɗinki lafiyarsa ƙalau."

"Na yarda. To ga shi nan, sa shi a na'urar."

Ya dubi ledar bai taɓa ta ba.

"Ba haka ake yi ba, Mama. Samfur sai ya biyo hanyarsa. Akwai wurin da hukuma ta amince, da mai kawowa da hukuma ta amince, da lokacinsa. Abin da wani ya shigo da shi a hannu ba mu da shaidar daga ina ya fito."

Na dube shi, na sake dubansa.

"Ɗana, maimaita. Ba ku da shaidar daga ina ya fito?"

Ya sha shayinsa.

"Ni ce nake gaya maka daga ina ya fito, da hannuna na yanko. Wanda kuka yi shekaru kuna gwadawa kuwa, da hatiminku da komai, daga bayan tsibiri yake. To ku zo da kanku, in kai ku dutsen. Akwai saura a gindinsa."

"Lokacin ɗaukar samfur na bana ya wuce. Idan muka ɗauka yanzu, sai an rubuta dalili. Idan aka rubuta dalili..." Ya buɗe hannuwa. "Mama, abu ne mai sarƙaƙiya."

Ba wata sarƙaƙiya. Idan suka gwada nawa yau, sun amsa ke nan cewa jiya ba su gwada ba. Na gaya masa 'yata ta kusa haihuwa, jariri ba ya jiran lokacin samfur. Ya ce kai, barka, Allah ya sauke ta lafiya. Da zan fita wata yarinya ta miƙo mini jaka mai tambarin tashar, tawul ne a ciki da sabulu. Na bar musu a kan teburin, na ɗauki ledata.

Ban yi shiru ba. A rumfa na faɗa, a kasuwa na faɗa, a bas na faɗa wa wanda bai tambaye ni ba. Da maganar ta yi yawa, sai Bang ya sanar da taro a zauren gari, wai tashar za ta zo ta yi bayani. Ya aiko a karɓi guntun miyok ɗin nan nawa. Na ba da shi da murna, na ɗauka za a tafi da shi ɗakin gwaji.

Ashe tukunya aka kai shi.

Muna zaune, bayan an gama nuna mana zane-zane a bango, sai ga matar Bang da tire. Manaja Om ya miƙe, ya ce wannan miyar da miyok ɗin Dutsen Ɗumi aka yi ta, kuma zai sha a gabanmu. Mai ɗaukar hoto ya gyara tsayuwa. Ya ɗaga kwanon ya shanye har da lasar cokali, ya ce rabonsa da miya mai daɗi haka tun ta mahaifiyarsa. Mutane suka tafa. Wallahi suka tafa.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Manaja, cikinka na'ura ne?"



"Ina tambaya ne. In cikinka yana aunawa, mu jira ka ba mu sakamako da safe. Ni ban ce da guba a ciki ba. Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, shi ne abin da ya kawo mu nan. Kwano ɗaya ka sha don hoto. 'Yata safe da rana da yamma za ta sha, har ta gama jego, jariri yana tsotsa daga jikinta. Na ba ku abu ku auna, kun dafa?"

"Matar Yaya, zauna," in ji Bang.

"Ba zan zauna ba, Shugaba. Kai ma ɗebo ka sha, ko kai ma ka samu shiga hoton."

Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta da sauri. Manaja Om bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ya ce ya fahimci damuwar uwa. Ya ce tashar ta riga ta gudanar da bincike, ta gano an samu kuskure daga wajen mai kawo samfur, wadda ba ta bi ƙa'idar da aka ba ta ba, kuma an ɗauki mataki. Dutsen Ɗumi za a sa shi cikin tsarin baɗi yadda ya kamata.

Duk zauren aka juya ana kallon Yaya Pilnyo. Tana zaune a layin gaba, ta sa rigarta ta zuwa biki don an ce manya za su zo. Ba ta gane ba da farko. Da ta gane, sai ta miƙe da ƙyar, ta sunkuya musu har ƙasa, ta ce a yi haƙuri, ita ba ta yi makaranta ba. Matar da ta fi kowa sanin tekun nan, tana ba da haƙuri don ta ƙi yanka a gonar wani. Na so in kama ta in miƙar da ita, amma na tsaya inda nake.

Matakin da aka ɗauka shi ne an sallame ta. Sannan, don a cika binciken, mota ta zo gidanta ta kwashe duk miyok ɗin da ta ajiye, wai za a sake gwadawa a tabbatar. Na bayan tsibiri. Suka wuce ta ƙofar gidana da shi, nawa yana rataye a ɗakin baya ba wanda ya leƙo. Da ma ta ce za ta ba ni farantin da ta ɓoye wa kanta in kai wa Dahye, tunda shi kaɗai ne a garin nan aka san an taɓa gwada irinsa. Har shi suka ɗauka.

Matan rumfa suka rage yi mini magana. Ba su zage ni ba, sai dai idan na zo a matsa mini wuri fiye da yadda nake bukata. Ko da na so in roƙi wata, ba mai cikakken faranti, dillali ya kwashe tun bazara, sai guntaye na miyar gida.

Ranar da surukina ya bugo ya ce an kai Dahye asibiti, na shiga ɗakin baya na tsaya gaban nawa. Baƙi, mai sheƙi, ba tsaga ko ɗaya. Mai yiwuwa ba abin da yake da shi. Zuciyata ma ta fi karkata ga cewa ba komai. Da ni zan sha, da tuni na jiƙa shi. Na kai hannu na sauke, na mayar, na sake saukewa. Daga ƙarshe na bar shi a rataye na ja ƙofa.

Na hau bas zuwa babbar kasuwar gunduma, wurin mai sayar da na tsibiran kudu. Ya san ni, shekara da shekaru ni nake kawo masa kaya.

"A'a, Mama! Yau me kika kawo mana?"

"Saye na zo. Na mai jego."

Ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga fuskata ya fasa. Ya sauko da mafi tsawo ya faɗi kuɗi. Na mai jego ba a neman ragi, don haka ni da ko albasa ba na saye sai na yi ciniki har mai kaya ya gaji, na biya ban ce uffan ba. Ya naɗa masa takarda mai sunan shagonsa a tsakiya, ya ɗaure da igiya.

Sai a bas na tuna kayan jaririn da na ɗinka suna gida, dole in biya ta gida. Miyok ɗin ya kusa kai tsawona. Ba ya shiga jaka, ba ya shiga ƙarƙashin riga, kuma ba a naɗe shi. Na sauka a bakin gari da rana tsaka na rungume shi a ƙirji, sunan shagon yana kallon kowa. Hanyar gidana ɗaya ce, ta gaban rumfa take bi, ta gaban ofishin ƙungiya, ta gaban allon da aka manna sabon rahoton tashar da hoton Manaja Om riƙe da kwano. Matan suna zaune suna gyaran raga. Hira ta tsaya. Bang ya fito ƙofa, ya dubi abin da ke hannuna, ya koma ciki. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin cewa ni ce mai jin kunyar. Yaya Pilnyo ce kaɗai ta taso. Ta kama ɗaya gefen don kada iska ta karya shi, muka taka tare har gida.

Mace aka haifa. Na dafa miyar a gidan Dahye da man riɗi da ɗan naman sa, yadda uwata take yi, na kai mata a gado. Ta sha cokali ɗaya, ta sha na biyu, ta tsaya. Yarinyar da aka yaye da miyok ɗin garinmu ba a yi mata wayo.

"Umma, wannan ba namu ba ne."

"Sha, zai huce."

"Ina wanda kika rataye mini? Kin ce tun yana ɗanye kika zaɓe shi."

"Yana nan a rataye."

"To me ya same shi?"

Na gyara wa jaririyar zani, na daɗe ina gyarawa.

"Ban sani ba, Dahye," na ce. "Sun ce sai baɗi."